Likkafanin Yayana da Allunan Taurari

Ni ne Iliyasu marini, mutumin Gwiwa, wanda ake ce wa Ilu Baƙin Hannu. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda muka bar gida ba, kowa ya san kukan rabuwa. Abin da za ku riƙe shi ne mu biyu muka fita, ni da yayana Malam Habu, lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar Kazaure ba, kowannenmu da likkafaninsa a ƙasan jaka yadda mai niyyar Gabas yake yi. Inna ce ta kaɗa zaren, wani masaƙi a Roni ya saƙa. Don kada su rikice, ta sa na rina ɗan zare a karofina, aka bi gefen na Yaya da shuɗin zare ɗaya, nawa da biyu. Da za ta miƙo mana ta ce, "In Allah ya karɓi ɗayanku a hanya, wanda ya saura ya sa shi a ciki da hannunsa, ya dawo ya faɗa mini inda ya kwantar da shi. Ban yarda a bar mini ɗa inda ba a sani ba."

Yaya shi ne mai lissafin taurari a wajenmu. In ruwan fari ya sauka, manoman ƙauyukan kewaye sukan zo su durƙusa su ce, "Malam, a shuka ko a dakata?" Ya duba inda Kaza da 'Ya'yanta take, ya ƙirga a yatsunsa, ya ce wannan ruwan yaudara ne, ku riƙe irinku. Burinsa ya sauke farali, ya zauna Masar ya ƙaro wannan ilmi. Ni kuwa ɗan rakiya ne. Ban san komai a sama ba sai Gamzaki, shi ma don shi ke tashe ni zuwa marina.

A Abashe ta ƙasar Wadai muka haɗu da Alhaji Cindo, Allah ya isa tsakanina da ranar. Mutum ne fari, mai taushin murya, da yatsa na shida a hannun dama, wanda ya jawo masa sunan. Ya ce asalinsa Kanya Babba ta wajen Babura, amma ya daɗe yana kai alhazai yana komowa. Larabci a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji mu 'yan Gwiwa ne sai ya rungume Yaya, har da hawaye, yana cewa, "'Yan ƙasata! Daga yau ba ku da sauran wahala." Duk inda aka yi zango shi ake ba ajiyar kaya, wai ɓarayin hanya suna jin tsoronsa. Wata safiya na karɓi jakata na ga ƙullin bakinta ya yi kama da nawa, amma ba nawa ba ne. Marini ya san ƙullinsa. Na faɗa wa Yaya, ya ce, "Kai Ilu, ka ji tsoron Allah, kada ka zargi mai rawani." Na ja bakina na yi shiru, tunda babba ya yi magana.

A Fashir kurkunu ya fito mini a ƙafa, har ba na iya takawa. Ayarin da zai keta rairayi zuwa Masar kuwa ya shirya, in ya tafi sai wata shekara. Yaya ya ce ba inda za shi. Cindo ya yi ta lallashinsa: "Malam, ka bar shi ya warke ya biyo ta kogi. Kai kuma amana ce a wuyana." Ni da bakina na ce, "Yaya, ka tafi, ina nan tafe." Ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya hau raƙumi yana waiwaye. Wata tsohuwa mai sayar da waina irin tasu ce ta ɗauke ni ta kai zaurenta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Kullum da safe ta zo da tsinke ta naɗe tsutsar kaɗan kaɗan, in na yi ihu ta ranƙwashe ni a ka, ta tura mini waina a baki. Allah ya jiƙanta, ban ma san sunanta ba.

A Umdurman na yi ga-ruwa, na yi dakon itace, na kwana a bakin kasuwa. Can kewar gida ta kama ni sosai. Ba abin da nake mafarki sai furar Inna da nonon Fulanin bayan garinmu, in farka bakina ya bushe. Ana cikin haka na gamu da wasu alhazai masu komawa gida, na tambaye su labarin ayarin Cindo. Ɗayansu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji ya isa lafiya. Malamin nan dogo da ke tare da shi dai, sai haƙuri." Na zauna a ƙasa a tsakiyar kasuwa, jakuna suna kewaye ni.

Na bi kogi har Alƙahira, wani wuri a jirgin ruwa ina jan igiya, wani wuri a ƙafa. Na sami Cindo a unguwar da Takari ke sauka, wato mu baƙaƙen Yamma, da gidansa da baransa, kowane baƙo shi yake ba ajiya. Yana ganina ya fashe da kuka. "Ƙanena, Malam ya riga mu gidan gaskiya. Zazzaɓi ne. Da hannuna na yi masa wanka, na sa shi a likkafanin da ya zo da shi, muka sallace shi, muka rufe shi kusa da wata rijiya."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Wace rijiya ce? Inna za ta tambaye ni."

Ya ce, "Haba ƙanena, rairayi ne fa, ko'ina iri ɗaya."

Na yarda, har na yi masa godiya. Sai ranar Juma'a, muna shirin masallaci, ya fito da wani farin rawani na saƙar hannu yana naɗawa. Ina tsugune ina riƙe masa buta. Da ya juyo da wutsiyar rawanin ta kafaɗa sai ga shuɗin zare a gefe, guda ɗaya tak. Shunin karofina ne, rinin hannuna ne, ko cikin zare dubu zan fid da shi. Likkafanin da aka ce an rufe Yaya a ciki, ga shi a kan wannan la'ananne zai je da shi sahun gaba! To in yadin yana nan, da me aka rufe Yaya? An ma rufe shi?

Wallahi butar nan ta ƙarfe ce, kuma ƙeyarsa na gabana. Abin da ya riƙe hannuna shi ne gawa ba ta magana, ni kuwa amsa nake nema. Ga shi ƙasar ba tawa ba, askarawan unguwa duk abokan cin shinkafarsa ne. Na zuba masa ruwa ya ƙarasa alwala, na ce, "Rawanin nan ya karɓe ka, Alhaji." A cikin sujada na yi wa Allah alkawari ba zan ga Gwiwa ba sai na ji daga bakinsa inda Yaya yake, kuma sai na tuɓe yadin nan daga kansa a gaban mutane.

Yunwa ba ta jiran ramuwa, sai na shiga neman aiki. Ina wanki a wata marina a bayan gari wani Bakibɗe, Kiristan Masar, mai furfura, Usta Girgis, ya tsaya yana kallon yadda nake tsoma yadi in ɗago in duba launi in mayar. Ya ce mai irin wannan haƙurin yake nema. Ya kai ni wani gida a kan tudu, kudu da birni, mai ƙubba kamar ta masallaci, sai dai ita tana juyawa tana buɗe baki. A ciki akwai wani madubin hangen nesa, tsawonsa ya kai azara biyu. Gidan awon taurari ne, kuma mai gidan wani tsohon Bature ne mai tari, da suke kira Hawaja. Da na ji taurari sai na tuna gida. Inda Yaya ya so zuwa ke nan, ga ni ni jahili na iso.

Na ɗauka duba suke yi, ashe hoto suke ɗauka. Ana shafa wa allon gilashi wani magani, a sa shi a gindin madubin, Hawaja ya yi ta bin taurari da shi a hankali har gilashin ya sha haskensu. Da safe a kawo mana allon a rufe. Mu shiga ɗakin duhu, ba komai sai 'yar jar fitila, mu tsoma shi a wannan ruwa, mu ɗago, mu tsoma a wancan. Aikin marina ne sak, wari ne kawai ya bambanta. Kana kallo sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe su fara fitowa, kowane ɗigo tauraro ne, har waɗanda ido bai taɓa gani ba. A jikin allon akwai zane gida-gida kamar na dara. In ya bushe sai a kai wa wasu malamai biyu, ɗaya ya leƙa ta ƙaramin madubi ya auna nisan kowane ɗigo daga zanen gidansa, ɗaya ya rubuta a babban kundi. Allo ɗaya yakan cinye musu kwanaki.

Na tambayi Usta Girgis amfanin wannan wahala. Ya ce, "Ya Abu Nila," haka yake kirana saboda shunin hannuna, "masana na ƙasashe da yawa ne suka raba sama kamar gonar gayya, kowa da kuyyarsa. In an gama za a haɗa taswira ɗaya. Jikokin jikokinmu su sake ɗauka, su gwada, su ga wanne ya gusa. Ko mafi ƙanƙanta ba zai ɓace ba, an rubuta gidansa."

Maganar nan ta soke ni. Ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba an san mazauninsa, an ba shi lamba, ana tattalinsa. Yayana kuwa, mutum guda mai uwa, wanda gari ke jira kafin ya zuba iri, ba wanda zai nuna inda yake. Na koma bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo bakin aiki.

Doka ɗaya ce a gidan, ita Usta ya fara koya mini. Allon da ya sha taurari, in ba a wanke shi a magani ba tukuna, haske kaɗan ya taɓa shi ya mutu. Don in gani da idona ya ɗauki wani da ya lalace, ya fita da shi rana, ya danna masa babban yatsa, muka koma muka wanke. Ya fito baƙi ƙirin, ba tauraro ko ɗaya, sai sawun yatsan Usta a zaune raɗau. Kafin wanki kuwa ba ka ganin komai, fari ne kamar an shafa masa nono. Na riƙe wannan a raina, ban san ranar amfaninsa ba.

Damina ta zo ta wuce a gida ba sau ɗaya ba ina wannan aiki. Usta yakan raba gurasarsa biyu ya ba ni rabi, ranar idinsu ya kawo mini miyar matarsa a kwano. Kowace Juma'a kuma in sauka birni in gai da Cindo, in ci tuwonsa, in riƙe masa buta, in bi shi masallaci ina kallon shuɗin zaren nan yana lilo a bayansa. Yana cewa mutane, "Wannan ƙanena ne, ba shi da kowa sai ni." Ni kuwa ina cewa a zuci, ci dai, kura, rana ɗaya ta mai kaya ce.

Ranar ta zo da sanyin wata shekara. Hawaja ya ce akwai taurarin kudu da ba sa ɗagowa sosai a tudunmu, zai kwashi ƙaramin madubi ya je can gaba da Aswan, cikin hamada, ya ɗauko su. Wurin ba ruwan kirki na wanki, saboda haka za a tara allunan a rufe a dawo da su gida. Ana neman mai raƙuma da zai shugabanci kaya. Na ce na san wani.

Usta ya ce, "Amintacce ne?"

Na ce, "Duk Takari shi suke ba ajiya." Ban yi ƙarya ba.

Mun yi sanyin nan kaf a hamada. Hawaja yana fama, tari kamar zai fid da ransa, yatsunsa na tsagewa, amma ba ya barin madubi. Kowane allo ya sha taurarinsa sai mu shiga baƙin tanti mu naɗe shi a baƙar takarda, mu jera a akwati mai ruɓi biyu. Da aka cika aka ɗaure, aka ɗiga jan kaki a bakin. Hawaja ya shafa akwatin ya ce wa Usta ƙarfinsa ya ƙare, ba zai sake irin wannan tafiya ba. Jikinsa ya matsa, sai aka wuce da shi gaba zuwa bakin kogi, aka bar mu da kaya. Duk wannan Cindo yana gani. Ya ga ana lulluɓe akwatin da bargo, ana yi masa inuwa, ana sauke shi kamar jariri. Idonsa ya kasa barin wurin.

Da muka yi zangon rana a gindin wasu duwatsu, na tara masu raƙuma, na durƙusa gaban Cindo na ce da Larabci yadda kowa zai ji, "Alhaji, ga amana. Don girman Allah kada ka buɗe akwatin nan. Gilashi ne kawai a ciki, kuma haske yana kashe shi."

Ya yi dariya ya koma Hausa. "Gilashi? Ƙanena, gilashi ake yi wa bargo da kaki? Nasara sun mai da kai yaro."

Na ce, "Na dai faɗa maka gaskiya, Alhaji."

Gaskiyar kuwa na faɗa, don na san ita ce abin da ba zai taɓa yarda da shi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwance jakar alhazai, ka ce masa kada ya buɗe, ai ka ba shi mabuɗi. Hali zanen dutse. Na ce wa Usta mu gangara rijiya mu cika salkuna tun masu raƙuma na barcin rana. Da muka isa na bar shi yana jan guga, na zago ta bayan dutse na kwanta rub da ciki.

Ga Alhaji a zaune, rana tsaka. Ya gasa bakin wuƙa a garwashin shayi, ya ɗaga kakin nan bai fasa ba, gwanin gaske. Ya zaro allo, ya warware takarda, ya ɗaga shi sama yana hangen rana ta ciki. Fari fat. Ya juya shi, ya shinshina, ya danna tafinsa mai gumi a kai ko wani abu zai fito. Ya ɗauko na biyu. Ya ɗauko na uku. Bai bar ko ɗaya ba, wai ko zinariyar tana ƙasa. Da na yi ihu sau ɗaya da an tsirar da saura. Tarin Hawaja ya faɗo mini a rai, gurasar Usta ta faɗo mini. Sai iska ta kaɗa wutsiyar rawanin, na ga zaren, na cije hannuna na kwanta. Ya yi tsaki, ya naɗe komai yadda yake, ya mai da kaki, ya kishingiɗa yana jan carbi.

Da muka dawo tudu, Hawaja da kansa ya shigo ɗakin duhu, yana dogara sanda. Muka tsoma na farko. Maimakon ɗigo-ɗigo sai baƙi ya mamaye shi gaba ɗaya. Na biyu haka. Na uku haka. Tsohon ya zame ya zauna a ƙasa. Usta ya ɗaga wani allo gaban jar fitila ya ce, "Ku duba." Tafin hannu ne a zaune a tsakiyar baƙin, ɓaro-ɓaro, da ɗan ƙarin yatsa a gefen ƙaramin. Kusan kowane allo da irinsa. Mai kwance ƙulli ya mayar ba a gane ba, yau ya gamu da kayan da ke riƙe sawun ɓarawo.

Askarawan da suka je kamo Cindo ba na unguwarsa ba ne. Da suka bincike gidan sai ga kayan alhazai ɗaki guda, tasoshi, riguna, littattafai, har da na waɗanda aka daɗe da cewa sun ɓata a hanya. Takari suka biyo shi zuga guda har tudu. Aka tsayar da shi a tsakar gida da hantsi, aka jera allunan a jikin bango, aka kama hannunsa aka ɗora a kan sawun. Ya zauna daidai.

Nan ya juyo gare ni da Hausa. "Ilu, ƙanena, ka cece ni. Ka ce raƙumi ne ya kayar da akwatin ya fashe, na tattara don gyara. Kai za su yarda da kai."

Na ce, "Alhaji, ina Yaya Habu?"

"Na faɗa maka, kusa da rijiya..."

"Da wane likkafani? Wanda ke kanka?"

Ya kai hannu ya taɓa rawanin. Hausawan da ke wurin suka matso.

Na ce, "Faɗi gaskiya ka ga abin da zan yi."

Ya ce, "Zazzaɓi ya kama shi, ya kasa zama a raƙumi. Ruwa ya yi ƙasa, ayari ba ya tsayawa. Na kwantar da shi a inuwar wani dutse, na bar masa gora."

"Da ransa?"

"Da sauran numfashi. Yana karatu."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce in miƙo masa jakarsa, zai lulluɓa da likkafaninsa ya jira."

"Me ya hana ka?"

Ya kau da kai. Wani tsoho Bakatsine ya daka masa tsawa ya ce ya amsa. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Na ga yadin mai kyau ne."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce, "A ina ne? Wane dutse?"

"Wallahi tallahi ban sani ba. Tsakanin rijiya da rijiya ne. Ilu, na faɗa maka, ka cika alkawari."

Ban yi masa alkawarin komai ba, cewa na yi zai ga abin da zan yi. Hawaja ya tambaya ta bakin Usta me mutumin yake cewa. Na miƙe na ce, "Cewa yake in yi masa ƙarya. Shi ya buɗe. Na gargaɗe shi a gaban masu raƙuma, ga su nan a tambaye su." Suka shaida. Sannan na ciro nawa likkafanin daga jaka na shimfiɗa, na nuna wa babban askar zare biyu, na nuna ɗaya a kan Cindo, na faɗi na wane ne. Ya ɗaga mini kai. Na kama wutsiyar rawanin na ja. Na warware shi zagaye bayan zagaye, ban yi sauri ba, har ƙoƙon kansa ya fito fili, ɗan ƙarami mai sanƙo, a gaban duk waɗanda suka taɓa durƙusa masa. Wata mata 'yar Zazzau da ya cinye kayan mijinta ta tofa masa yawu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Tun Fashir ban ji sanyi a raina irin na ranar ba.

Da yamma ina wanke kwanonin magani Usta ya shigo ya tsaya a bayana. "Abu Nila, ka san zai buɗe."

Na ce, "Na hana shi a gaban shaidu, Usta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Tsohon nan ya ba da sauran ƙarfinsa a kan allunan nan."

Na ce, "Taurarinku suna nan inda kuka bar su. Baɗi za su fito, wani ya ɗauka. Nawa fa?"

Daga ranar bai sake kirana Abu Nila ba. Amma ranar da zan tafi na sami ƙunshin gurasa da dabino a kan jakata, na kuwa san hannun da ya ajiye. An yanke wa Cindo ɗauri, aka kai shi fasa dutse. Ni na wuce Makka na sauke farali, na wanke yadin nan da Zamzam har sai da na daina jin warin man kansa. Har yau ba na son a ce mini Alhaji, sunan ya fita raina.

Na iso Gwiwa ana tsakiyar shuka, kowa na zuba iri da ka, ba mai faɗa musu ko ruwan na gaskiya ne. Na sami Inna a ƙofar ɗakinta, ido ya tafi, sai kunne. Ta ji tafiyar mutum ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ta bari na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Ina ka kwantar da shi?"

Na sa mata yadin a cinya. Ta bi gefensa da yatsa har ta sami zaren, ta tsaya a kai.

Na ce, "Inna, ban kwantar da shi ba. Ba wanda ya kwantar da shi. Na je gidan da aka san mazaunin kowane tauraro, amma ban samo miki nasa ba." Na kwashe komai na faɗa mata, ban rage ba.

Ta ce, "Mutumin fa?"

"Yana fasa dutse a Masar, kansa ba ko hula."

Ta ce, "Allah ya ƙara masa tsawon rai a kai." Ta ninke yadin ta rungume. "Wannan an saƙa shi don ya rufe nawa ne. Tunda bai sami ɗan ba, ya sami uwar. In na mutu a sa ni a ciki."

Kafin a yi girbi ta cika. Da hannuna na miƙa yadin ga masu wanka, da hannuna na karɓe ta a bakin kabari, shuɗin zaren yana wajen kafaɗarta ta dama. Tana nan gabas da gari, gindin tsamiyar da ke hanyar Roni. Yaran yanzu in sun ji labarin mai lissafin taurari sukan ce, "Baba Ilu, ina kabarin Malam Habu?" Sai in ɗauki sandata in kai su can.